Yadda Ake Tayar da Masu Tsere: Umarnin Turanci da Tsarin Ba da Shi

A gasar gidaje ta makarantunmu, galibi wanda ya fi kowa murya ake damƙa wa aikin tayar da masu gudu. Sai ya cika ƙirji da iska ya zuba "On your marks, get set, go!" a numfashi ɗaya, yara su watse, a koma ana gardama a kan wanda ya riga tashi. Yawancin gardamar nan daga bakin mai tayarwa take farowa. Umarni uku ne kacal a wannan aiki, amma kowane yana da abin da ɗan tsere zai yi da jikinsa idan ya ji shi, da abin da kai za ka duba kafin ka wuce gaba. Wannan bayani na malamin wasanni ne, ko duk wanda aka ba wannan aiki a karo na farko. Tsarin da za a bi shi ne na hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, World Athletics, tare da dabarun da ake yi idan kayan aiki sun gaza.

Kayan aiki

Na farko shi ne abin ba da alamar tashi. A manyan gasa bindigar tsere ake harbawa, mai ƙara da hayaƙi amma ba ta fitar da dalma, ko kuma ta lantarki da aka haɗa da lasifika. Idan babu, kai wa kafinta aikin mataɓa: katako biyu masu tsawon santimita 45 da faɗin santimita 12, a haɗa gindinsu da hinjin ƙofa, a sa wa kowane mariƙi a bayansa. A saman kowane katako a kafa rabin faifai na falanki, a shafa masa farin fenti da baƙin baki, yadda idan katakon suka haɗu rabi biyun za su zama faifai guda. Ƙarar ta masu gudu ce, haɗuwar faifan kuma ta masu ɗaukar lokaci ce da ke can nesa. A wuraren da jin ƙarar bindiga ke tayar da hankalin jama'a, wannan katako ya fi bindiga dacewa ko da akwai ta. Idan kuwa dole bindigar za a yi amfani da ita, a sanar da jami'an tsaro da maƙwabtan filin tun kafin ranar.

Sai usur mai kaifin sauti, da tuta biyu, fara da ja, waɗanda za su kasance a hannun shugaban masu ɗaukar lokaci. Sai katuna huɗu da za ka iya yankawa daga kwali, kowane kamar girman littafin rubutu: kore, ɗorawa, mai rabin ja da rabin baƙi, da mai rabin ɗorawa da rabin baƙi, rabon ya tafi daga kusurwa zuwa kusurwa. Sai tef ɗin awo na mita 50 ko 100, igiya, ƙusoshi manya, da farar ƙasa ko toka domin zana layi. Sai matokarin ƙafa, wato ƙarfen nan mai matakai biyu da masu gajeren tsere ke tokara ƙafa a kai. Idan babu, ƙaramar fartanya ko cokalin magini ya isa a haƙa ramuka. Lasifikar hannu tana da amfani a tseren mita 200 da 400. Ka sa riga mai launin da ake hangowa daga nesa, ja ko ruwan goro, kuma idan bindiga ce ka toshe kunnenka da auduga.

Mutane ma kayan aiki ne. Kana buƙatar mataimaki aƙalla ɗaya mai jera masu gudu da duba hannuwansu, da wani mai usur na biyu wanda aikinsa kawai dawo da su idan an saci tashi, da masu ɗaukar lokaci uku a kan wanda zai zo na ɗaya.

1. Haddace umarnin da yadda ake furta shi

A duk tseren da bai wuce mita 400 ba, har da na tsallake shinge da na miƙa sanda na 4x100 da 4x400, umarni biyu ne: "On your marks", sannan "Set", sai ƙarar bindiga. A tseren da ya haura mita 400, wato daga 800 zuwa sama, umarni ɗaya ne, "On your marks", sai bindiga. Na uku shi ne "Stand up", wanda ake faɗa idan wani abu bai yi daidai ba kana so kowa ya miƙe a sake.

Ka lura babu "get" kuma babu "go". Abin da yara ke rerawa a unguwa, "On your marks, get set, go", da "Ready, steady, go" na Ingila, da "Ready, set, go" na Amurka, duk Turanci ne mai kyau, amma na wasa ne. Matsalarsu suna da kiɗa. Duk wanda ya ji na farko da na biyu ya san daidai lokacin da na uku zai faɗo, sai ya tashi a kan kiɗan tun kafin a furta. Ita kuma "go" bakinka ne ke tona ta: kana jan numfashi, kana tattara leɓe, yaro mai wayo ya riga ya gani. Ga shi mai agogo da ke nesa da kai da mita ɗari ba ya ganin kalma.

"On your marks" ana furta ta kamar "on yo maks", a ja ta a hankali, murya a sake, da ƙarfin da mai gudun da ya fi nisa da kai zai ji. Kada ka haɗiye harafin ƙarshe. Amurkawa sukan ce "On your mark" ba tare da shi ba, kuma a wasan ninƙaya "Take your marks" ake cewa, amma a filin gudu ka tsaya a kan ta dokar. "Set" kuwa ita ce wadda aka fi ɓatawa. Harshenmu yakan mayar da ita "sat" ko "sit", alhali wasalin tsakiyar irin na farkon "tebur" ne. Abin da ya fi furucin muhimmanci shi ne sautin. Idan ka daka ta da tsawa, jikin da ya riga ya ɗaure yana jiran ƙara zai zabura, kai ne kuma ka jawo. Ka faɗe ta da murya ƙasa da ta farko, ka ɗan ja ta kaɗan, ba tare da ka motsa hannu ko kai ba.

Doka ta yarda mai tayarwa ya yi amfani da harshensa, ko Turanci, ko Faransanci, sai a manyan gasa irin su Olamfik da gasar duniya inda Turanci kawai ake yi. Shi ya sa a Nijar za ka ji "À vos marques" da "Prêts". Ga 'yan aji ɗaya da biyu na firamare babu laifi ka ce "Ku hau layi", "Ku shirya", sannan ka buga katako. Amma daga aji huɗu zuwa sama ka saba musu da na Turanci, domin shi za su tarar ranar da suka je gasar jiha, kuma ba ranar ce ta koyon sabuwar kalma ba.

2. Shirya wurin tashi

Faɗin kowane layi, wato hanyar da mutum ɗaya ke gudu a cikinta, mita 1.22 ne, kaurin farin zanen kuma santimita 5. Ja igiya tsakanin ƙusa biyu kafin ka zuba farar ƙasa, in ba haka ba layin zai karkace, wani ya sami rarar taki. Shi kansa zanen tashi yana cikin nisan da za a gudu, saboda haka hannu da ƙafa a bayansa suke tsayawa, ba a kansa ba. Bayan layin tashi da mita 3 ka ja wani layi na taruwa. A nan masu gudu ke jira kafin umarni na farko, nan kuma suke komawa duk lokacin da ka ce "Stand up".

Tseren da ke bin kwana yana buƙatar a gabatar da na waje, domin da'irarsa ta fi girma. Lissafin ba wuya: faɗin layi sau 3.14 a kan kowace kwana cikakkiya, wato rabin da'ira; tseren mita 200 kwana ɗaya yake bi, na mita 400 kuma biyu. A filin mita 400 da aka zana da farar ƙasa, mai layi 1.22, kowane ɗan tseren mita 200 zai gabaci na cikinsa da mita 3.83, na mita 400 kuma da mita 7.67. Idan filinku ƙarami ne kun yi layin mita ɗaya, sai ya zama 3.14 da 6.28. Ka auna tazarar a bisa lanƙwasar layin, kana kwantar da tef ɗin a hankali, kada ka ja shi a miƙe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙiyasta da taki, a ba kowa "taku uku". Na waje ne ke cutuwa ko na ciki, kuma babu kyawun umarnin da zai gyara wannan.

Matokari na gaba yana nesa da layi da tsawon tafin ƙafar ɗan tseren biyu, na baya uku. Idan ramuka za a haƙa, awon ɗaya ne: zurfin kamar santimita 6, bangon baya a tsaye a daddaɓe shi da kyau don kada ya rushe idan an tokara. Kada ka raina ramin. Da shi Jesse Owens, ɗan tseren Amurka, ya tashi a Olamfik ɗin Balin ta Jamus a 1936, kuma a gasar Olamfik ba a fara amfani da matokari ba sai a ta Landan ta 1948. Idan yaro bai san ƙafar da zai sa a gaba ba, tsayar da shi ƙafa a haɗe, ka ɗan tura shi daga baya. Ƙafar da ta yi saurin fita ita ce ta baya, wadda ta tsaya ta riƙe jiki ita ce ta gaba.

3. Zaɓi inda za ka tsaya

Sharaɗin shi ne ka ga kowa da kallo ɗaya ba tare da juya kai ba. A tseren mita 100 ka tsaya a gefen fili, ɗan gaba da layin tashi, nesa da layi mafi kusa da kai da kamar mita goma zuwa goma sha biyar. Idan ka matso sosai, na kusa zai tare maka na nesa. Hawa benci ko ƙaramin tebur yana taimakawa.

A mita 200 da 400 lamarin ya fi wuya, saboda sauti ma tafiya yake yi, kimanin mita 340 a sakan ɗaya. A tseren mita 400 tazarar da ke tsakanin na layi na ɗaya da na takwas ta kai wajen mita hamsin. Idan ka tsaya kusa da na ɗaya, na takwas zai ji ƙarar bayan kusan sakan 0.15, wanda ya fi mita ɗaya a gudu. A manyan filaye lasifika ake ajiye wa kowane layi. Idan babu, doka ta ce ka tsaya inda nisanka da kowannensu zai zo kusan ɗaya. Shi kuma mai usur na biyu ya tsaya a ɗaya ɓangaren, ya ɗauki layukan da suka fi maka nisa.

4. Yi musu bayani kafin tseren farko

Tara su a layin taruwa, ka faɗa musu da Hausa abin da za su ji da abin da za su yi, sannan ka buga katakon sau ɗaya su san ƙararsa. Ka gaya musu alamar dawowa: ƙara ta biyu ko busar usur mai tsawo. Ka kuma bayyana dokar satar tashi da za a bi yau, tun kafin ta faɗa a kan ɗan wani gida. Minti biyu ya isa. A nan ne kuma mataimakinka zai kira sunaye yana cewa "Lane one", "Lane two", wato layi na ɗaya, layi na biyu. Za ka ji ana kiran zagayen share fage "heat", na ƙarshe kuma "final".

Kafin kowane tsere ka busa usur wajen masu ɗaukar lokaci. Farar tuta na nufin sun shirya kuma hanya a buɗe take, ja na nufin ka dakata. Kada ka taɓa faɗin umarni na farko ba ka ga farar tuta ba.

5. "On your marks"

Da jin wannan, kowa zai taka daga layin taruwa zuwa wurinsa, ya sa ƙafafu biyu a matokari, ya durƙusa. Abin da kai da mataimakinka za ku duba: hannuwa biyu a ƙasa bayan layi, babban yatsa da manuniya sun yi baka a gefen zanen ba su taɓa shi ba, tazarar hannuwan ta ɗan fi faɗin kafaɗu, aƙalla gwiwa ɗaya tana ƙasa, ƙafafu biyu suna manne da matokari, jiki duka yana cikin layinsa. Kai a sake, ido a ƙasa.

Kada ka yi gaggawa a nan. Wani zai karkaɗe ƙafa, wani zai share yashi daga tafin hannu, wani zai yi addu'a. Ka ba su wannan lokaci. Amma wanda ya ci gaba da jan jiki da gangan bayan kowa ya natsu yana cutar sauran ne, domin nauyin jiki na kan yatsunsu. Irin wannan sai ka ce "Stand up", a ɗaga masa katin ɗorawa na gargaɗi. Idan mataimaki ya ga yatsa a kan layi, ya je ya gyara da murya ƙasa-ƙasa, ya ja baya, ya ɗaga maka hannu alamar komai ya yi. Sai fili ya yi tsit, kowa ya tsaya cak, sannan ka ɗaga bindiga ko katakon sama. Ɗagawar kafin "Set" take zuwa, ba bayanta ba, don kada motsin hannunka ya ruɗe su.

Idan 'yan kallo suna ihu ko makaɗa suna kiɗa, ka jira, ko ka sa mai sanarwa ya ce "Quiet at the start, please", ya maimaita da Hausa: a yi shiru za a tashi.

6. "Set"

Nan take kowa zai ɗaga gwiwa daga ƙasa, ƙugu ya hau ya ɗan ɗara kafaɗu tsawo, kafaɗun suna saitin hannuwa ko sun ɗan gota su kaɗan. Gwiwar gaba ta lanƙwashe kamar kusurwar bango, digiri 90, ta baya ta fi buɗewa, wajen digiri 120 zuwa 135. Hannuwa ba su bar ƙasa ba, ƙafafu ba su bar matokari ba.

A wannan ɗan tsakanin ne ake gane gwanin mai tayarwa. Doka ba ta yanka adadin sakan da za a jira ba, abin da ta ce shi ne a harba idan kowa ya tsaya ba motsi. A aikace abin yakan kama sakan ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan ka harba da wuri, wanda bai gama ɗaga ƙugu ba ya cutu, kuma ka koya wa sauran cewa caca da ƙararka tana biya, tsere na gaba kowa zai gwada sa'a. Idan ka daɗe fiye da kima, hannuwa za su fara rawa, wani ya kife gaba ba da niyya ba. Kada ka ƙirga a zuci, domin mai ƙirga yakan harba a lokaci ɗaya kullum, masu jiran nasu zagayen kuma suna gefe suna haddace shi. Idonka ne zai yanke: bi ƙugunsu daga na kusa zuwa na nesa, da na ƙarshe ya tsaya, ka bar ɗan bugun zuciya ɗaya, ka harba.

Idan wani ya ƙi tsayawa, yana ta lilo gaba da baya, ko jariri ya tsala kuka, ko akuya ta ratso fili, kada ka harba da fatan abin zai wuce. Ka ce "Stand up" da murya mai taushi, a ja ta. Idan ka faɗe ta da ƙarfi, rabinsu za su ɗauka tashi ne. Sauke bindiga, a mayar da su layin taruwa, a ɗaga koren kati alamar babu mai laifi, a sake daga farko.

7. Harbi

Hannu a miƙe sama sosai, bakin bindiga yana kallon sama, nesa da kunnenka da na kowa. Idan hayaƙin ba ya ganuwa saboda hasken rana, a riƙe baƙin allo a bayan bindigar ta ɓangaren da masu agogo za su gani. Idan katako ne, ka buɗe shi sama da kanka, fuskar faifan tana kallon layin ƙarshe, ka haɗa shi da ƙarfi sau ɗaya. Kada ka ƙara buɗe shi don ɗaukar ƙarfi kafin bugun; wannan ɗan ja da baya shi ne ke sanar da su. Idan usur kawai gare ka, sa shi a baki tun kafin "Set" ba zai yiwu ba tunda da bakin za ka yi magana, saboda haka ka raba aikin: kai ka ba da umarni, ka riƙe tuta a sama, wani da ke bayan masu gudu ya busa a daidai lokacin da ka sauke ta. Wannan hanya ita ce mafi rauni, a yi ta kawai idan babu wata.

Bayan ƙarar kada ka sauke ido. Ka bi su da kallo taku biyar na farko, yatsanka a shirye don ƙara ta biyu. Bindiga kuma ba a ajiye ta da harsashi a ciki a inda yara suke, ko na minti ɗaya.

8. Idan an riga malam masallaci

Sunan wannan laifi a Turanci "false start", wato satar tashi. Daga nan ne ma Turawa suka sami karin maganarsu ta "jump the gun" da suke faɗa wa mai gaggawar yin abu kafin lokacinsa. Ma'anarsa a doka ƙayyadadda ce: ɗan tsere ya fara motsin da ya raba ƙafarsa da matokari, ko hannunsa da ƙasa, kafin ƙarar. Wanda kafaɗarsa ta ɗan zabura amma ya tsaya, hannu da ƙafa ba su ɗaga ba, bai saci tashi ba. Iyakarsa a tashe su a yi masa gargaɗi idan ya ruɗa wasu. Wanda kuwa ya fara gangarowa gaba a hankali bai tsaya ba har ƙarar ta same shi a cikin motsi, ya sata, ko da hannunsa bai bar ƙasa ba sai bayan harbin.

A manyan gasa matokarin yana da na'urar da ke auna lokacin da ƙafa ta tokara. Duk wanda ya motsa ƙasa da sakan 0.100 bayan harbi ana ɗauka hasashe ya yi, ba jin ƙarar ba. Da sakan 0.099 aka fitar da Devon Allen na Amurka daga wasan ƙarshe na tsallake shinge na mita 110 a gasar duniya ta 2022 a birnin Yujin na Amurka. Kai ba ka da na'ura, saboda haka ƙa'idarka ita ce: abin da idonka ko na mataimakinka ya gani ƙarara shi kaɗai ake hukuntawa.

Da ka gani, ka sake harbawa ko a busa usur. Su dawo layin taruwa. Ka yi shawara da mai usur na biyu a gefe, a gajarce, sannan mataimaki ya je gaban mai laifin ya ɗaga kati. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke fita sauran su bi shi. Wanda ya jawo ake hukuntawa, ba waɗanda suka biyo ba.

Hukuncin ya sauya sau biyu, shi ya sa za ka ji tsofaffin malamai suna musu a kai. Kafin 2003 kowane ɗan tsere sai ya yi sau biyu ake korarsa. Haka aka fitar da Linford Christie na Birtaniya a wasan ƙarshe na mita 100 a Atlanta a 1996. Daga 2003 aka ce satar farko a kan kowa take, duk wanda ya yi ta biyu ya fita. Daga Janairun 2010 kuwa sau ɗaya tak ne, kati mai ja da baƙi, sai waje. Ita ce dokar da ta fitar da Usain Bolt a wasan ƙarshe na gasar duniya a Daegu ta Koriya ta Kudu a 2011, Yohan Blake ya ci tseren. A gasar haɗaka kawai, irin ta wasanni goma ko bakwai, aka bar afuwar farko, inda ake ɗaga kati mai ɗorawa da baƙi.

Ga yaran firamare da ƙananan azuzuwan sakandare, shawarata a bi tsarin afuwar farko. Yaron da ya yi wata guda yana atisaye, aka kore shi a gaban iyayensa saboda zumuɗi, da wuya ya dawo fili baɗi. Amma manyan ɗalibai da ake shirin kai wa gasar jiha a yi musu ta yanzu ba sassauci. Kowace aka zaɓa, malaman gidaje duka su amince da ita kafin a fara, kuma kada a sauya ta a tsakiyar rana.

9. Dogon tsere

Daga mita 800 zuwa sama a tsaye ake tashi, babu matokari, hannu ba ya taɓa ƙasa, kuma babu "Set". Suna jira a layin taruwa, ka ce "On your marks", su tako zuwa bayan layi, ƙafa ɗaya a gaba, jiki ya ɗan ranƙwafa. Da sun tsaya ka harba. A mita 1500 da abin da ya fi, layin tashi lanƙwasasshe ne don kowa ya sami nisa ɗaya zuwa kwanar farko. Idan suna da yawa a jera su sahu biyu. Wanda aka turo daga baya ya tsallake layi, ko wanda ya rasa daidaito ya taka ba da niyya ba, ba shi da laifi: "Stand up", a sake jeri. Idan aka yi karo wasu suka zube a takun farko saboda cunkoso, kana da ikon dawo da su.

10. Haɗa kai da masu ɗaukar lokaci

Ka gaya musu tun da safe cewa da ido ake danna agogo, ba da kunne ba. Suna ganin hayaƙi ko haɗuwar faifan su danna. Ƙarar tana ɗaukar kusan sakan 0.3 kafin ta ratsa mita 100, saboda haka mai jiran ta zai ba yaro lokacin da ya fi gaskiya sauri, a yi ta murnar bajintar da ba a yi ba. A layin ƙarshe kuma gangar jiki ake dubawa, wato ƙirji, ban da kai, wuya, hannu ko ƙafa.

Lokacin agogon hannu ana cika shi sama zuwa kashi ɗaya cikin goma na sakan: 12.31 ya zama 12.4, 12.30 ya tsaya 12.3. Idan agogo biyu cikin uku sun yi daidai, nasu ake ɗauka. Idan duka ukun sun saɓa, a ɗauki na tsakiya. Idan biyu kawai suka yi aiki kuma suka saɓa, a rubuta wanda ya fi tsawo. Kada kowa ya goge agogonsa sai shugabansu ya duba ya rubuta, sannan ya ɗaga maka farar tuta ka kira zagaye na gaba.